Yadda Ake Sarrafa Kirim ɗin Kwakwa na Gwangwani da Adana Shi don Haɗa Abin Sha Mai Sanyi

Duk mai haɗa abin sha na biki ko na sayarwa a Birnin Kebbi, ko Jega, ko Argungu, idan ta taɓa buɗe gwangwanin kirim ɗin kwakwa, ta san abubuwa biyu da suke ɓata aiki. Na farko shi ne a tarar da abin da ke ciki ya rabu gida biyu, farin mai a sama, ruwan sukari a ƙasa, a ɗebi na saman a haɗa kofin farko ya fito da maiƙo babu zaƙi, kofin ƙarshe kuma ya fito kamar an jiƙa sukari zalla. Na biyu shi ne a ajiye ragowar a firij, a ɗauke wuta da dare, washegari a ji ya fara tsami. Duka biyun maganinsu ɗaya ne: da zarar an buɗe gwangwani, a haɗe abin da ke cikinsa gaba ɗaya a lokaci guda, a raba shi ƙanana-ƙanana, a sanyaya, sannan kada a sake fito da abin da ya wuce buƙatar wannan ranar. Gwangwani yana iya shafe watanni a kan kanta ba abin da ya same shi, amma daga lokacin da iska ta shiga cikinsa ya zama ɗanyen abinci mai saurin lalacewa, kuma zafin garuruwanmu ba ya yi masa jinkiri.

Sanin abin da ake saye

Kayan kwakwa na gwangwani iri uku ne, kuma mutane da yawa suna ɗaukar wannan a madadin wancan. Akwai madarar kwakwa, wadda ruwa-ruwa ce kuma babu sukari a cikinta. A ƙa'idar abinci ta duniya da hukumar Codex ta fitar a 2003, ana buƙatar maiƙonta ya kai aƙalla kashi 10 cikin 100. Akwai kakkaurar madarar kwakwa, ita ma babu sukari, sai dai maiƙonta ya kai aƙalla kashi 20 cikin 100. Waɗannan biyun yawanci daga Tailan da Indonesiya da Filifin ake kawo su, irin su Aroy-D da Chaokoh, kuma an fi yin girki da su. Na ukun shi ne wanda wannan jagora ta fi mayar da hankali a kansa, wato kirim mai zaƙi da aka dafa da sukari musamman don abin sha, wanda kusan rabin nauyinsa sukari ne.

Wannan na ukun a tsibirin Fuwarto Riko da ke yankin Karebiyan aka fara yin sa. Wani malamin aikin gona mai suna Ramón López Irizarry ne ya samo hanyar tatso kirim daga kwakwa a gauraya shi da sukarin rake ba tare da wahalar gurzawa da matsewa da hannu ba, kuma daga sunansa aka samo Coco López, wanda har yau shi ne ya fi shahara, yana zuwa a gwangwani mai nauyin giram 425. Akwai kuma Coco Reàl da ke zuwa a robar da ake matsawa. A can da shi ake haɗa abin shan da suke kira piña colada, wanda suka ayyana a matsayin abin shan tsibirin a 1978, kuma su suna zuba masa giyar rake. Mu a nan ba ruwanmu da giyar; abarba da kwakwa da lemun tsami da ƙanƙara sun isa su ba da abin sha mai daɗi wanda babba da yaro za su sha. Sai dai wannan tarihin yana da amfani ga mai saye, domin akwai kwalabe da gwangwanaye masu hoton kwakwa da abarba waɗanda an riga an haɗa su da barasa. Saboda haka kada a dogara da hoto, a karanta jerin abubuwan da aka haɗa, idan kuma an ga an rubuta adadin barasa a jiki, a mayar da shi inda aka ɗauko.

Wannan jerin ne kuma zai nuna ko mai zaƙi ne ko marar zaƙi. Idan sukari ya zo a farko-farkon jerin, to mai zaƙi ne. Wasu kamfanoni suna zuba sinadarin salfait don kada madarar ta yi duhu, kuma wasu masu cutar asma ba sa jure masa, don haka mai sayarwa ga jama'a ya kamata ta san ko nata yana ɗauke da shi.

Duba gwangwani kafin a biya kuɗi

Wannan matakin ba a yin sa da garaje. A duba lambar rajistar NAFDAC, a duba ranar da wa'adinsa zai ƙare, sannan a juya gwangwanin a hannu a dubi samansa da ƙasansa da layin da aka haɗe shi. Duk wanda murfinsa ya kumbura, ko yake lotsawa yana dawowa idan an danna shi da yatsa, ko ya lotse a daidai bakin da aka liƙe, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko yake tsiyaya, a bar shi ko da an karya farashinsa. Araha ba ta ado. Dalilin wannan tsanani shi ne kwakwa ba ta da tsami, kuma abincin gwangwani marar tsami shi ne wurin da ƙwayar cutar botulizim take iya rayuwa idan an sami matsala wajen dafawa ko liƙewa. Gubar wannan ƙwaya tana shanye jijiyoyi har ta kai ga hana numfashi, kuma ba dole ne a ji wari ko a ga wata alama a abincin ba. Don haka gwangwanin da ake shakkarsa ba a ɗanɗana shi don a gwada, zubarwa ake yi inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

A lura kuma da inda mai shago ya jera kayansa. Wanda ya daɗe a bakin taga rana tana dukansa, ko a cikin shagon kwano da ke ɗaukar zafi a watan Afrilu lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, mansa yana saurin canja ɗanɗano tun kafin wa'adinsa ya cika. A gida ma haka ne: a ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da murhu da injin janareto, a kan katako ba a ƙasa ba, musamman da damina da danshi ke jawo tsatsa. Wanda aka fara saye shi za a fara buɗewa.

Daga ɗumamawa zuwa haɗewa

Man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 24, yana narkewa idan ya haura. Wannan ne ya sa da hunturu, a watannin Disamba da Janairu, za a tarar da saman gwangwanin ya yi tauri kamar yadda manja ke yi a galan, da bazara kuma a tarar da shi ruwa-ruwa, wani lokaci ma man ya taso garau a sama. Ko ɗaya daga cikin biyun ba lalacewa ba ne, ɗabi'ar man ce.

Matakin farko, a girgiza gwangwanin kusa da kunne. Idan ana jin motsin ruwa sosai, ba ya buƙatar ɗumi. Idan an ji shi ɗif, a zuba ruwan ɗumi a kwano, irin wanda hannu zai iya jurewa, a tsoma gwangwanin a rufe na minti 10 zuwa 15, ana juya shi jefi-jefi. Ba a ɗora rufaffen gwangwani a kan wuta ko a cikin tafasasshen ruwa da ke kan murhu, domin tururin da ke ciki ba shi da mafita, yana iya fashewa ya ƙona mutum.

Mataki na biyu, a wanke saman gwangwanin da sabulu a ɗauraye, a goge da tsumma mai tsabta, a wanke mabuɗin gwangwanin shi ma. Mutane suna raina wannan, alhali ƙurar hanya da ta sito, har da sawun ɓera da kyankyaso, duk a kan murfin suke, kuma murfin nan yakan nutse cikin kirim ɗin yayin buɗewa. Idan aka huda aka ga abin ya yi tsartuwa da ƙarfi ko yana kumfa, ko aka ji wari mai tsami, ko launinsa ya koma toka-toka mai duhu ko ruwan hoda, aikin ya ƙare a nan, a zubar. Lafiyayyen kirim mai zaƙi fari ne mai ɗan sirkin ruwan madara, wani lokaci ruwan sukarin ƙasan yana ɗan yin duhu kaɗan, ƙamshinsa kuma na kwakwa ne tsantsa.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci a ganina. A juye duk abin da ke cikin gwangwanin a blanda, a kankare gefe da gindi da cokali don kada a bar komai, a markaɗa na kimanin rabin minti har ya zama abu ɗaya mai santsi. Idan babu wuta, a juye shi a kwano mai zurfi a burga da maburgi mai tsabta, ko a zuba a kwalba mai faɗin baki a rufe a girgiza da ƙarfi. Matuƙar yana da ɗan ɗumi zai haɗe. Ko da cokali biyu kawai ake buƙata a ranar, sai an haɗe duka kafin a ɗiba, domin idan aka kwashe man sama aka bar ruwan ƙasa, ragowar ta riga ta tashi daga ma'auninta kuma babu yadda za a gyara ta.

Mataki na huɗu na zaɓi ne, amma ina ba da shawararsa ga masu sana'a. Kirim mai zaƙi yana da kauri da zaƙi fiye da kima ga harshen mutane da yawa, kuma da yake ba a zuba masa komai mai ɗaci ko zafi da zai karya zaƙin, yakan gundiri mai sha tun bai kai rabin kofi ba. Idan aka haɗa kashi 3 na kirim da kashi 1 na madarar kwakwa marar sukari, da ɗan gishiri a bakin yatsu, yana sauƙin zubawa, ƙamshin kwakwa yana ƙara fitowa, kuma yana ƙara auki. Abin lura shi ne wannan haɗin ya fi saurin lalacewa, domin sukarin da ke taimakawa wajen tsare shi ya ragu.

Rabawa da adanawa

Ba a mayar da ragowa cikin buɗaɗɗen gwangwani. Ƙarfen yana sa masa ɗanɗano idan iska ta shiga, kuma ba ya rufuwa da kyau. A tanadi ƙananan kwalabe ko robobi masu murfi mai kamawa, a wanke su da sabulu, a ɗauraye da ruwan zafi, a kife su su bushe sarai. Robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko daddawa ko miya ba ta dace ba ko an wanke ta, domin maiƙo yana jan wari. Saboda wannan dalilin ne ma ya kamata a nisanta shi da kifin Yauri ko yankakkiyar albasar Aliero da ke cikin firij ɗaya. Kwana ɗaya ya isa warin ya shiga idan murfin bai kama ba.

A raba shi gwargwadon abin da ake sha a zama ɗaya. A rubuta ranar da aka buɗe a jikin kowane mazubi. Wanda za a yi amfani da shi a 'yan kwanakin nan a saka shi can cikin firij ta baya, ba a jikin ƙofa ba inda sanyi ke hawa da sauka. Firij mai aiki da kyau yana riƙe digiri 4 ko ƙasa da haka, kuma a irin wannan sanyin, idan bai yanke ba, kirim mai zaƙi zalla yana iya yin mako guda lafiya. Wanda aka sirka da madara, da ita kanta madarar marar sukari, kada su wuce kwana 3 zuwa 4.

Sauran duka a kai su firiza, inda za su iya kaiwa wata 3. A ƙasashen waje ana yawan zuba shi a farantin yin ƙanƙara, amma wannan ya fi dacewa da madara marar sukari. Mai zaƙin ba ya daskarewa ya yi tauri saboda yawan sukarinsa, yakan tsaya da laushi yana danƙo, kuma da an ɗauke wuta shi ne farkon narkewa ya malale. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne a ƙulla shi a farar leda mai tsabta irin ta zobo, cokali 3 ko 6 a kowane ƙulli, a tara ƙullin a cikin roba mai murfi. Duk lokacin da ake so sai a ɗauki ƙulli ɗaya ko biyu, sauran ba su ji iska ba.

Batun ɗauke wuta shi ne ainihin matsalarmu, kuma yana buƙatar lissafi. Firij da aka bari a rufe yana riƙe sanyinsa na kimanin awa 4. Firiza cike da kaya tana iya kaiwa awa 48, wadda take rabi kuma awa 24, muddin ba a yawan buɗe ta; don haka cike gurbin da ya rage da robobin ruwa dabara ce mai kyau. Idan wuta ta dawo aka tarar kayan firizar har yanzu da ƙanƙara a jikinsu, babu laifi su sake daskarewa. Idan kuwa komai ya narke har ya huce, kada a sake daskarar da kirim ɗin. Don sanin abin da ya faru lokacin da ba a gida, a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora wankakkiyar tsakuwa a kan ƙanƙarar, a bar shi a firiza; ranar da aka tarar da tsakuwar a gindin kofin, an san komai ya narke ya sake kamawa. Masu firiza mai aiki da hasken rana sun huta da yawancin wannan, kuma ga mai sana'ar abin sha jari ne da ya cancanci a tara masa kuɗi.

Wanda ba shi da firij ko kaɗan kada ya yaudari kansa da randa ko tukunya cikin tukunya. Suna sanyaya ruwa da kayan lambu, amma ba sa kaiwa sanyin da ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa, wato ƙasa da digiri 5. Mafita ita ce a buɗe gwangwani a ranar da za a shanye shi, ko a haɗa kuɗi da maƙwabta a raba.

Idan an fito da shi daga sanyi za a tarar ya yi tauri ko ya yi gudaji-gudaji. A tsoma ƙullin ko kwalbar a ruwan ɗumi na 'yan mintuna, a girgiza, ko a jefa shi kai tsaye a blanda. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa firiza. Ɗumamawa da sanyayawa a kai a kai shi ne abin da ya fi lalata babbar kwalba guda, kuma shi ne dalilin rabawa tun farko.

Haɗa abin shan

Ga kofi ɗaya, a auna ruwan abarba mililita 120, kirim babban cokali 3 wato mililita 45, ruwan lemun tsami babban cokali 1, da ƙanƙara cikin tafin hannu. A fara zuba ruwan abarba da kirim a markaɗa su haɗe, sannan a zuba ƙanƙarar. Idan aka sa ƙanƙara tun farko, man yana daskarewa kafin ya gauraya, a riƙa jin tsaki-tsakinsa a harshe yana manne wa dasashi. A wannan ma'aunin gwangwani mai giram 425 yana ba da kofi 7 ko kusa da haka, don haka walimar mutum 50 za ta ci gwangwani 7, da ruwan abarba lita 6, da ruwan lemun tsami mililita 750. Mangwaro idan lokacinsa ya zo, da ayaba, da dabino da aka jiƙa aka cire ƙwallonsa, duk suna karɓar kwakwa, sai dai da dabino a rage kirim ɗin saboda zaƙi. 'Yar citta ɗanya tana ɗaga shi ƙwarai.

Abubuwa masu tsami sosai, kamar zobo da tsamiya, suna sa shi ya tsinke ya yi ɗigo-ɗigo idan ya jima, don haka a haɗa su daf da sha. Wanda kuma yake son ƙara madarar shanu ko yogot ya sani cewa ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari da ke narkar da furotin ɗin madara ya sa ta ɗaci bayan ɗan lokaci; ruwan abarba na kwali, ko wanda aka ɗan tafasa ya huce, ba ya yin haka. Ga kunun aya, cokali ɗaya ko biyu a kofi ya wadatar, kuma kada a ɗauka zuba kirim zai ƙara masa kwana, kunun aya a ranarsa ake shanye shi.

A ranar biki ko a buɗa-baki da azumi, kada a haɗa duka tun da safe a bar shi a bokiti. A ajiye ruwan abarba daban, kirim daban, a cikin kula mai ƙanƙara, a riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32 kada ya wuce awa 1, kuma mafi yawan ranakunmu a wannan rukuni na biyun suke. Ƙanƙarar kasuwa da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a yi amfani da ita wajen sanyaya kwalabe daga waje kawai. Wadda za ta shiga blanda a yi ta a gida da ruwa mai tsabta, domin daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar amai da gudawa. Ya kamata kuma a sanar da baƙi masu ciwon sukari abin da ke cikin kofin, a tanadar musu wanda aka haɗa da madara marar sukari.

Idan ba a sami mai zaƙin ba

Ba kowane shago ne ke kawo shi ba, kuma idan an samu tsadarsa ba kaɗan ba ce. Ana iya yin sa a gida da gwangwanin madarar kwakwa mai mililita 400, a zaɓi mai yawan maiƙo. A juye ta a tukunya, a zuba sukari kimanin giram 375 da ɗan gishiri, a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa har sukarin ya narke, a sauke kafin ta tafasa. Idan zafi ya kai wajen digiri 80 furotin ɗin kwakwa yana fara dunƙulewa, sai man ya ware ya taso, shi ya sa ba a barin ta ta yi ta ɓararraka. A bari ta huce, a markaɗa a blanda, a raba kamar yadda aka bayyana.

Da ɗanyar kwakwar da ake kawowa daga kudu, irin ta Badagiri a jihar Legas, ma ana yi. A zaɓi mai nauyi wadda ake jin ruwa a cikinta, a fasa, a ɓamɓare, a kankare baƙin bayan idan ana son fari tas, a gurza, a markaɗa da ruwan ɗumi kaɗan, a matse a mataci mai laushi. Tatsar farko ita ce mai kauri, ita ake so. Ta biyu a yi shinkafa da ita. Daga nan a auna sukari daidai da nauyin madarar a dafa ta a hankali kamar ta gwangwani. Wannan ta fi ƙamshi, amma da yake babu sinadaran da kamfanoni ke sawa don hana rabuwa, za ta riƙa rabuwa duk lokacin da ta zauna, sai an girgiza ta kafin kowane amfani. Ba a kuma barin tatsattsiyar madarar ta kwana a waje don jiran dahuwar gobe. A ranar da aka tatse ake dafawa, a sanyaya ta cikin gaggawa ta hanyar tsoma tukunyar a ruwan sanyi, a sha cikin kwana 3, abin da ya rage kuma a ƙulla a kai firiza.